Yadda Ake Zama Gwanin Takobi Biyu Ba Tare da An Haye Kogi Ba

"Ka shiga mana!" in ji Markus. Ya daki tebur har hoton da ke gilashin kwamfutar ya yi rawa.

"Ba zan shiga ba," in ji Gwadabe.

"Ƙofar a buɗe take!"

"Ƙofar gidanku ma a buɗe take wuni. Ka taɓa ganina a ɗakin Mama?"

"Ustazu, zane ne fa. Zane! Ba mace ba ce, ɗigo-ɗigo ne aka shafa wa launi."

"To, Fasto. Ɗigo-ɗigon ne suka ce mijinsu ya tafi kamun kifi bai dawo ba? Kai ka karanta min da bakinka."

Markus ya juya wajen yayarsa, wadda ke can kusurwar ofis tana dukan tafireta. "Yaya Dibora, don Allah ki yi masa magana."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mai gadi ya kusa kashe janareto. Ku gama faɗanku kafin nan."

Tsaya nan, kai mai karatu. Dubi Gwadabe da kyau: siriri, ƙafa duk faso, hannu a kan maɓallai, fuska kamar an aiko masa da saƙon rasuwa. Wannan shi ne mutumin da samarin Haɗeja ke jiran ra'ayinsa a kan wasan kwamfutar nan da ake kira Takobi Biyu. In ya ce abu ya yi, ya yi. In ya yi tsaki, an gama. Kuma bai taɓa fita daga ƙauyen farko na wasan ba.

Kai ma za ka iya. Bi matakan nan a jere, kada ka tsallake ko ɗaya. Sakamakon tabbas ne, kamar cikar kogi a tsakiyar damina. Ba a buƙatar kwamfutar kanka. Ba a buƙatar Turanci. Taurin kai kawai ake so, da wani dalili da ba za ka faɗa wa kowa ba.

Mataki na ɗaya: Samu kwamfutar da ba taka ba

Wannan ba wuya. Duk kwamfutar da ke garin nan ba taka ba ce.

Ta su Gwadabe tana ofishin noman rani, a ɗakin da Dibora ke aikin buga takardu. Don lissafin ruwa aka saye ta. Wani Bature injiniya ya gama kwangilarsa ya tafi, ya bar wasa a cikinta, yadda baƙo ke barin tsohon takalmi a bayan ƙofa. Sunan wasan na Turanci ya fi layin gidan man fetur tsawo. Samari suka datse shi, suka ce Takobi.

Ga yadda yake, don kada a kunyata ka a gaban jama'a. Ana ba ka mutum ɗaya. Kai ne ƙafarsa, kai ne hannunsa. Ka kai shi daji, ka kai shi kogo, ya sari dodanni, ya tara ƙarfi, ya yi magana da tsofaffi masu dogon gemu waɗanda ba sa faɗin abu kai tsaye. Can ƙarshe ya kashe babban mugun. Sai a nuna maka sunayen waɗansu Turawa suna hawa sama. Shi ke nan.

Lokacin zuwa: bayan an tashi daga aiki, kafin a kashe janareto. Gaida mai gadi. Gaida shi da kyau, har iyalinsa da ke Miga. Masana sun ce wanda ya raina mai gadi ya raina wutar lantarki.

Mataki na biyu: Samu abokin da ya ci Turanci

Gwadabe da Markus benci ɗaya suka zauna tun ajin farko na sakandare. Mahaifin Markus malamin asibiti ne daga kudancin Kaduna, aiki ya kawo shi. Mahaifin Gwadabe manomin shinkafa ne, ba abin da ya kawo shi. Nan aka haife shi, nan aka haifi wanda ya haife shi.

Rabon aiki tun Takobi Ɗaya, kashin farko na wasan, a fili yake. Markus a kujerar hagu, yana karantawa yana fassarawa. Gwadabe a ta dama, yana tuƙi. In Markus ya riƙe maɓallai, mutumin nasu rami yake faɗawa. In Gwadabe ya kalli rubutun, tsohon Turanci ne mai lanƙwasassun baƙaƙe, irin wanda ko malaminsu na Turanci sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Mutumin nasu suka raɗa masa Hamman, sunan wani masunci na bakin gada da ya taɓa ɗaukar kwale-kwale a ka shi kaɗai. Duk shekararsu ta ƙarshe a makaranta renonsa suka yi. Sun karɓe shi ko ɓera ba ya iya kashewa, suka bar shi yana sare dodo mai kai bakwai kamar yana yankan kuɓewa.

Sai sakamakon jarrabawa ya fito. Markus ya samu gurbi a jami'a a Jos. Gwadabe Turanci ya kayar da shi, ya koma fadama wajen babansa. A makon nan ne direban ofis ya dawo daga Kano da faya-fayan Takobi Biyu a ɗaure da roba.

Markus ya ce, "Da an yanke shinkafa za a buɗe makaranta. Amma Allah kuwa, ba inda za ni sai mun ga ƙarshen wannan."

Magana ce irin ta samari. Yana cin gyaɗa ya faɗe ta, kafin ya watsar da ɓawon ya manta. Gwadabe bai manta ba.

Ka lura da wannan matakin. In abokinka bai taɓa faɗin irin wannan maganar ba, ajiye takardar nan ka je ka yi wani abu mai amfani.

Mataki na uku: Yi wa na ɗaya kuka

Ba a yabon kashi na biyu na komai. Na ɗaya ya fi. Faɗi haka tun kafin faifan ƙarshe ya gama shiga na'ura. In an ce ai ba ka gani ba tukuna, ce ba sai ka gani ba.

Ka yi sa'a, masu wasan sun taimake ka. Sun yarda ka kawo Hamman ɗinka daga na ɗaya, da sunansa da tabon goshinsa. Amma da an fara sai a nuna jirgin ruwa, a nuna hadari, a nuna jirgin ya kife. Hamman ya farka a kan yashi da gajeren wando. Takobin da aka sha wuya kafin a samu, da sulke, da zoben da ke hana wuta ci, duk ruwa ya tafi da su. Aka ba shi sanda.

Gwadabe ya daɗe yana kallon sandar nan.

"Haka suke yi," in ji Markus. "Don a sake farawa daga tushe."

"Na sani," in ji Gwadabe. "Mu ma duk shekara haka ruwa ke yi mana. Amma mu ba ma kiransa wasa."

Haddace wannan. Za ta yi maka aiki a wurare da yawa, har wajen zaman makoki.

Mataki na huɗu: Zaga ƙauyen kamar an aiko ka binciken aure

A na ɗaya babu gari. Daji ne, kogo ne, kushewa ce. Duk akwatin da ka gani na dodo ne, ko na sarkin da ya mutu tun magadansa ba su da magada. Ka buɗe, ba mai kai ƙara. A na biyu sai suka yi wayo suka sa ƙauye: gidaje, rijiya, maƙeri, kaji, mutane masu fuska. Gefe guda kogi. Duk sauran wasan yana ƙetare.

Kada ka yi sauri. Mai sauri ba ya samun ra'ayi. Tsaya a kan komai har abokinka ya fara kaɗa ƙafa.

Ruwan ya yi kyau, ka ba su wannan. Yana motsi, yana ƙyalli, har Markus ya kira Dibora ta zo ta gani. Amma kogi ne da ba ya cika, ba ya janyewa, ba ciyawar kacala, ba sauro. Waɗanda suka zana shi ba su taɓa kwashe buhunan hatsi a ka ruwa na bin dugadugansu ba.

Gonar ƙauyen a kan tudu take, ga fadama a kwance ba wanda ya taɓa ta. Maƙerin ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci, ba ya zagayawa bayan gida. Tun da aka zana shi ƙarfe ɗaya yake duka. Kiɗan wasan daɗi gare shi da farko. Kafin mako ya zagayo Dibora ta cusa tsumma a bakin lasifika.

Faɗan ma sun canja shi. A na ɗaya wanda ya riga ya riga. A na biyu layi ake bi: ka doka, ka tsaya, a doke ka, a tsaya. Abokin gabar da ke wannan ɓangaren kogin kuwa ƙaguwa ce kawai. Hamman ya maka mata sanda, sannan ya ƙame yana jira ta matse masa ɗan yatsa. Gwadabe ya ce bai taɓa ganin dambe mai ladabi irin wannan ba. Bai faɗi ko yabo ne ba. Kai ma kada ka faɗa.

Mutanen ƙauyen kowa magana ɗaya ya iya. Akwai wani tsoho a gindin bishiya, in ka gaida shi sai ya ce duhu na tasowa daga gabas. Ka sake gaida shi, duhu na tasowa daga gabas. Ba lafiya lau, ba ya gida, ba ya ruwa. Duk da haka kullum sai Gwadabe ya gaida shi. Babba babba ne.

Kajin ba sa yankuwa. An gwada.

Mataki na biyar: Nemo ƙofar da ba za ka shiga ba

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar.

Jirgin fito na ɗaure a bakin kogi da sarƙa da kwaɗo. Makullin na cikin akwati. Akwatin na cikin ɗakin matar mai fito. Mai fito ya tafi kamun kifi. Matar na tsaye a gefen akwatin da jan ɗankwali, ta juya fuska ga bango. In ka tsaya a bakin ƙofa sai ta faɗi tata: mijina ya tafi, bai dawo ba. Abin da masu wasan ke so shi ne ka sa kai ka shiga, ka buɗe akwatin a gabanta, ka ɗauka, ka fita. Wai haka ake yi a can.

Gidan ba zaure. Wannan laifin magini ne, ba naka ba. Ba a rubuta "ba shiga" a bango ba, amma ɗan halak ba ya jiran rubutu.

Ga abin da za ka yi. Kai Hamman bakin ƙofa. Saki maɓallai. Gyara murya. Ce "Salamu alaikum" da ƙarfi, yadda na cikin gida za su ji.

Ranar da Gwadabe ya fara yi, mai gadi ne ya amsa daga waje.

Jira. Sake yi. In ka yi uku ba a ce ka shigo ba, juya. Haka aka koya maka, haka babanka ke yi, haka za ka so a yi wa gidanka in ka ajiye iyali.

"Mu ma a wurinmu ana ƙwanƙwasa ƙofa," in ji Markus. "Amma in maganar rai ce ana shiga. An ce maka duhu na tasowa daga gabas! Duniya za ta tashi!"

"Duhun ya jira. Hamman fa gemu gare shi. Baƙo ne, ba wandon kirki, mijin ba ya nan. Ka san abin da za a ce a bakin rijiya?"

"Wa zai ce? Mutanen da magana ɗaya suka iya?"

"Yanzu ke nan. Ba su samu ta biyu ba ne."

Daga nan faɗan da ka tarar a farkon takardar nan ya samo asali. Ana yinsa kusan kullum, kamar shan magani.

Mataki na shida: Kai hajarka teburin mai shayi

Ra'ayin da ya kwana a ciki ƙwannafi yake zama. Fitar da shi kasuwa. Kasuwar Gwadabe teburin Mala mai shayi ne, da hantsi, in an dawo daga kewayen gona. Masu zama wurin ba wanda ya taɓa ganin kwamfuta a kunne sai ta taga. Babu masu saurare irinsu.

Kada ka yi dogon bayani. Dogon bayani na wanda ya haye kogi ne. In an ce, "Ya wasan?" kurɓi shayi. Kalli titi. Ce, "Sun gyara ruwa, sun ɓata mutane." Yi shiru. Kafin azahar za ka ji ana maimaita ta a tashar Guri.

Ko ba daɗe ko ba jima wani zai zo daga Kano. Kullum akwai wanda ya zo daga Kano. Na Gwadabe sunansa Fannami, ɗan mai shagon kayan babur, mai agogon hannu da ke kuka ba a tambaye shi ba.

"Ni fa na ga wasan nan a wurin ɗan kawuna a Sabon Gari," in ji Fannami. "Ranar farko suka haye. Can ƙetare akwai birnin gilashi, akwai doki mai fuka-fuki, akwai mace mai harba wuta da ido. Kai me ka gani? Kaji?"

Markus ya sunkuyar da kai cikin kofi.

Kada ka yi musu. Musu na marar hujja ne. Gwadabe ya tsoma burodi a shayi, ya jira ya jiƙa.

"Da wane makulli suka haye?"

"Na cikin akwati mana."

"Akwatin wa?"

"Na matar nan."

"Mijinta na nan?"

Fannami ya buɗe baki. Agogonsa ya yi kuka.

Mala ya dire butar shayi. "Dakata, dakata. Ɗakin matar mutum suka shiga? Mijin na kan ruwa?"

"Ya Mala, wasa ne fa."

"Wasa. Haka wanda ya kwashe min kofuna bara ya ce da aka kama shi." Ya ƙara wa Gwadabe madara ba a roƙe shi ba. "Kanawa ke nan. Su haye. Mu muna nan."

Daga ranar aka daina tambayar abin da ke ƙetare. Tambayar ta koma: mai fiton ya dawo? Ɗan acaɓa kan tsaya bai kashe inji ba, ya tambaya, a ce masa tukuna, ya ce Allah ya bayyana shi, ya wuce. Wani dattijo mai sayar da taru har shawara ya kawo, wai a bincika wajen Nguru, can ruwa kan kai mutane.

Mataki na bakwai: Nemi wata hanya, ka tabbata ba ta ɓullewa

Abokinka zai fara ƙosawa. Nuna masa kana ƙoƙari.

Gwadabe ya sa Hamman iyo. Masu wasan ba su koya masa ba. Mutumin da ya kashe dodo mai kai bakwai ya tsaya a ruwa iya gwiwa yana turjewa kamar akuya. Ya kai shi wurin maƙeri ko zai zo ya fasa kwaɗon. Maƙerin ya ce ƙarfe mai kyau sai wuta mai kyau, ya ci gaba da duka. Ya nemi mai unguwa don a haɗa shi da dattijo su shiga tare, ƙauyen ba mai unguwa. Ya nemi mace a aika ciki. Akwai guda a bakin rijiya, ita kuma ba abin da ta sani sai cewa ruwan bana da sanyi.

Sai ya gano ana iya kamun kifi. Wannan ita ce babbar kyautar Takobi Biyu ga mai son jan lokaci. Ka tsaya a kan yashi, ka jefa ƙugiya, ka jira. Kifin iri ɗaya ne, shuɗi, ba tarwaɗa ba, ba karfasa ba, ba shi da dangi a kogin Haɗeja. Gwadabe ya cika jakar Hamman da shi. Ya ce in mai fiton zai dawo ta nan zai ɓullo, gara ya tarar da mutane.

Suka zauna. Hamman na kamun kifi a gilashi, su biyu na kallonsa, janareto na gurnani a bayan taga. Wata rana su yi hirar makaranta, da malamin lissafin da ke jifa da alli bai taɓa samun wanda ya nufa ba. Wata rana su kalli ƙugiya kawai. Markus ba shi da abin fassarawa, kifi ba ya magana. Amma bai daina zuwa ba.

A waje shinkafa ta fitar da kai, ta sunkuya, ta fara ja. Ruwa ya soma janyewa daga hanyar Guri. Maman Markus ta sayo bokiti, ta sayo 'yar katifa, ta sa an rubuta sunansa da farin fenti a jikin akwatin ƙarfe. Kada ka kalli waɗannan abubuwa. Ba sa cikin wasan.

Mataki na takwas: Guji mai tafireta

Duk wanda ke zaune a kusurwa yana buga takarda, kunnensa ba ya buga komai. A sake yake.

Wata rana Markus ya fita sayo rake. Dibora ta zare takarda daga tafireta, ta duba ta sama da ƙasa, ta yi magana ba ta juyo ba.

"Gwadabe."

"Na'am, Anti."

"Jami'a fa ba ta san da wani mai fito ba. Ranar da suka sa ita ce ranar."

"Na sani, Anti."

"To baiwar Allahn nan me ta yi maka?"

"Matar aure ce."

"Uhm." Ta saka sabuwar takarda, ta murɗa. "Da can da kuke fasa kaburburan sarakuna ban ji sallama ba."

Kada ka biye mata. Kalli gilashi, jefa ƙugiya.

Hatsari na biyu ya fi wannan: abokinka na iya shiga da kansa. Maɓalli ɗaya ne, ko makaho ya danna. Kuma dole ka fita salla ka bar shi da na'urar. Gwadabe ya idar da la'asar a gindin darbejiyar ofis, ya dawo, ya tarar da Markus a kujerar dama. Hamman ya bar bakin kogi. Yana tsaye a ƙofar matar, ƙafarsa a kan dokin ƙofa. Yatsan Markus na kan maɓallin.

Tafireta ta tsaya.

Markus ya ɗauke hannu, ya tashi, ya koma kujerar hagu. "Rana ta yi masa yawa a bakin ruwa," ya ce. "Inuwa na kawo shi."

"Ka kyauta," in ji Gwadabe. Ya zauna, ya juya Hamman, ya mayar da shi wajen kifinsa.

Masana sun ce in mutum biyu suka haɗu a kan ƙarya ɗaya, ta tashi daga ƙarya ta koma zumunci.

Mataki na tara: A tasha, maganar wasa kawai

An yanke shinkafa. Haka take, ba ta jiran kowa.

Raka abokinka tasha. Ɗauki bokitin, shi ne kayan da ke ba mutum wurin ajiye ido. Motar Kano zai hau, daga can ya nemi ta Jos. Mama za ta yi addu'a mai tsawo, Baba zai ja wa direba kunne, Dibora za ta cusa masa soyayyen kifi a jaka tana masa faɗa a kan abin da bai yi ba tukuna. Kai tsaya gefe kamar ka zo karɓar saƙo.

Markus ya samu gefen taga. Ya leƙo.

"Ustazu."

"Fasto."

"To, tsakaninka da Allah. Ya ka ga wasan?"

Nan ne duk wahalar matakan baya za ta biya ka. Gwadabe ya dubi tayar mota, ya dubi kwandasta yana ɗaure katifa.

"Na ɗaya ya fi," ya ce. "Amma wannan ya fi daɗewa."

Markus ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. "Ka shiga kawai, ka ji? Ka ga birnin gilashin nan, ka ba ni labari in na zo Kirsimeti."

"In mijinta ya dawo."

"Ba zai dawo ba, Gwadabe. Ba su zana shi ba."

"Na sani."

Direba ya tada mota.

Kada ka cika ɗaga hannu, sau ɗaya ya isa. In ka duba ka ga bokitin har yanzu a hannunka yake, bi motar da gudu. Wannan an yarda, ba ya rage daraja. Gwadabe ya cim mata wajen gidan mai, ya tura bokitin ta taga, wata mata ta zage shi don ya buge mata ɗankwali.

Shi ke nan. Ka zama gwani. Koma teburin Mala. Wurin zamanka na nan, madararka na nan, 'yan acaɓa na tsayawa suna tambaya. Ba wanda zai sake ja da kai.

Ba ruwan mai wannan takarda

Matakai tara aka ba ka. Babu na goma. Duk wanda ya ƙara na goma shi ya jiyo. Mai wannan takarda ba shi da hannu a abin da zai biyo baya, ba ya karɓar ƙorafi, ba ya zuwa shaida. Bai san ka ba, bai san hanyar ofishin noman rani ba, in an neme shi za a ce yana gona.

Ba shi ya ce ka koma ofis bayan an gama bugun shinkafa ba. Ba shi ya ce ka gaya wa Dibora wai kifi kawai ka zo dubawa ba. Gwadabe ya yi haka, da ƙafarsa, ba wanda ya aike shi. Dibora ta kunna masa na'urar, ta dube shi, ta ɗauki jakarta ta ce bari ta je kasuwa ta dawo.

Ya zauna a dama. Ya naɗe ƙugiya, ya ɗauko Hamman daga bakin ruwa, ya ratsa ƙauyen bai tsaya wurin kowa ba. A bakin ƙofa ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Ya danna.

Ɗakin ƙarami ne. Gado, tukunya, taru a rataye. Ya buɗe akwatin, wani ɗan kiɗa ya tashi, makullin ya faɗa jaka. Ya juya zai fita.

Matar ta juyo daga bango. Ta taka, ta tsaya tsakaninsa da ƙofa. Sai rubutu ya sauko ya cika gilashin daga sama har ƙasa, layi a kan layi, can ƙarshe zaɓi biyu suna ƙiftawa, suna jiran ya ɗauki ɗaya. Ya gane miji. Ya gane kogi. Ya gane wata kalma da ke iya zama alkawari, tana kuma iya zama la'ana. Sauran suka tsaya masa kamar ranar jarrabawa.

Janareto na gurnani. Matar na jira. Gwadabe bai ɗauke ido daga gilashin ba, ya karkata kai hagu.

"Fasto, me ta ce?"